Baƙon Kiɗa a Akwatin Rediyo: Sharhi a Kan Shirye-shirye Masu Jigo

Gabatarwa

A duk lokacin da aka ta da zancen adabi a tsakaninmu, hankalin yawancinmu kan tafi ne ga littafi da alƙalami. Ba kasafai mukan tuna da wani mawallafin da ba ya taɓa tawada ba, wato mutumin nan da ke zama a ɗakin watsa shiri da tarin faya-fayai a gefensa, ya ɗauki wannan ya ajiye wancan, ya jera su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya saƙa 'yan maganganu a tsakaninsu. Aikin wannan mutum muke son mu ɗora a kan ma'auni a wannan maƙala.

Sai dai ba kowane shirin kiɗa muke nufi ba. Mun ware shirin gaishe-gaishe, inda mai sauraro ke aiko da takarda a sa masa abin da yake so. Mun kuma ware shirin da ke jero waƙoƙin da suka fi kasuwa a mako. Wanda muke nufi shi ne shirin da aka gina a kan manufa guda, aka kuma cika shi da kaɗe-kaɗen da mai sauraro bai saba ji ba: tsofaffin faya-fayan da aka manta, da salon kiɗan wasu ƙasashe, da na ƙananan makaɗan da manyan kamfanoni ba su kula da su ba. Irin wannan shiri ya fi bunƙasa a Ingila da Amurka, saboda haka daga can za mu ɗebo yawancin misalanmu.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, haɗa irin wannan shiri aikin wallafa ne, kamar haɗa kundin waƙoƙi, kuma da ma'aunin da ake auna kundi ya kamata a auna shi. Tambayoyi biyu muke yi wa kowane shiri. Shin ya buɗe kunnen mai sauraro? Shin ya bai wa waƙar haƙƙinta, wato ya faɗi sunan mai ita da garinta da dalilin yin ta? Shirin da ya ci tambaya ta farko ya faɗi ta biyu, ya nishaɗantar ne kawai, amma ya ci amanar makaɗi.

Jigo a Matsayin Igiya

Ɗaliban nazarin waƙa sun san jigo daga littafin Abdulƙadir Ɗangambo, Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, sun kuma san takwaransa turke daga Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau. A can, jigo shi ne saƙon da waƙa ɗaya ta ƙunsa. A shirin rediyo kuwa, jigo igiya ce da ake ɗaure waƙoƙi barkatai da ita su zama dami guda.

Ba mu san misalin da ya fi fito da wannan fili ba kamar shirin Theme Time Radio Hour, wanda mawaƙin Amurka Bob Dylan ya gabatar daga watan Mayu 2006 zuwa Afrilu 2009 a tashar XM mai watsa shiri ta tauraron ɗan'adam. Shiri 100 aka yi, kowanne da jigonsa. Na farko a kan yanayi ne, na biyu a kan uwa, daga nan aka bi ta kan giya da kurkuku da aure da saki da kofi da jirgin ƙasa. A watan Oktoba 2008, daidai lokacin da bankunan Amurka ke durƙushewa, aka yi na kuɗi. Na ƙarshe kuwa a kan bankwana aka yi shi. Yawancin faya-fayan sun fito ne daga taskar mai shirya shirin, Eddie Gorodetsky, mutumin da ya daɗe yana tara tsofaffin waƙoƙi.

Mu dubi shirin farko, na yanayi. A cikin sa'a ɗaya mai sauraro ya ji Muddy Waters mai kiɗan buluz na baƙar fatar Amurka, da Frank Sinatra mai waƙoƙin manyan birane, da Jimi Hendrix gwanin jitar lantarki, da Jimmie Davis, mawaƙin karkara wanda ya yi gwamnan jihar Luwiziyana sau biyu. A tsakiyarsu sai ga Lord Beginner, mai kiɗan kalifso daga Tirinidad, yana ba da labarin guguwar da ta afka wa Jamaika. A kantin faya-fayai waɗannan mutane ba sa zama a kanta ɗaya, masoyansu ma ba sa shiga shirgin juna. To, me ya haɗa su? Iska da ruwa da rana. Wanda ya kunna rediyo don Sinatra ba zai taɓa sayen faifan kalifso ba, amma tun da zancen guguwa ake yi, sai ya tsaya ya ji abin da mutumin Tirinidad zai ce. A nan hikimar jigo take: yakan ba mai sauraro abin riƙewa yayin da ake ratsawa da shi ta cikin kiɗan da bai sani ba. Haka a shirin uwa aka haɗa tsofaffin mawaƙan karkara da LL Cool J mai gambarar zamani, kunne bai ƙi ba.

Duk da haka shirin yana da nasa rauni, guda uku. Na farko, sau da yawa jigon kalma ce kawai da ta fito a sunan waƙa. Kowane malamin adabi ya san cewa ambaton ruwa a baiti bai sa ruwa ya zama jigon waƙa ba, domin mai yiwuwa ne zancen rabuwa da masoyi ake yi. Na biyu, Dylan yakan cakuɗa tarihi na gaskiya da barkwanci da wasiƙun masu sauraro waɗanda ake kyautata zaton ƙirƙirarsu aka yi, duk a murya ɗaya. Wannan yana da daɗin ji, amma ɗalibin da ya dogara da shi zai kwashi tsaba da tsakuwa. Na uku, duk da faɗin shirin, kusan dukkan waƙoƙin na Ingilishi ne, kuma mafi yawansu na Amurka. Bugu da ƙari, da Dylan ya dawo da shirin sau ɗaya a 2020, jigon da ya zaɓa shi ne barasar wiski, alhali yana da hannu a wani kamfanin da ke sayar da ita. Ashe igiyar da ke ɗaure dami tana iya ɗaure kayan talla.

Kunnen Mutum Ɗaya

Akwai wata hanyar ta daban, inda ba a sanar da jigo, mai gabatarwa da kansa shi ne jigon. Jagoran wannan hanya shi ne John Peel, wanda ya yi aiki a tashar Radio 1 ta BBC tun daga kafa ta a 1967 har rasuwarsa a ƙasar Peru a watan Oktoba 2004. Shekara 37 ke nan. Ya kuma yi shiri a sashen BBC mai watsa wa duniya, wanda masu rediyon gajeren zango suka riƙa kamawa a ƙasashe da dama.

Peel ya sa rege na Jamaika tun lokacin da wasu masu wariyar launin fata ke aiko masa da wasiƙun zagi saboda haka. Ya sa kiɗan pank na samari masu bore daga 1976, lokacin da tsofaffin masu sauraronsa suka ɗauke shi hayaniya. A dare ɗaya yakan bi kiɗan jita mai tsananin ƙara da na Zimbabuwe, ya bi wannan da wani tsohon faifai na zamanin garmaho. Kaset ɗin da yaran da ba a sani ba suka aiko masa ta gidan waya, yakan saurara ya sa wanda ya yi masa.

Wani abin lura shi ne yadda doka ta taimaki shirin ba da niyya ba. A wancan zamani akwai yarjejeniya tsakanin BBC da ƙungiyar makaɗa da kamfanonin faya-fayai wadda ta ƙayyade yawan sa'o'in da za a sa faifai a iska, don kada makaɗa su rasa aiki. Saboda a cike ragowar lokacin, sai a gayyato makaɗa ɗakin ɗaukar murya na BBC su yi waƙa uku ko huɗu domin shirin. Ta haka aka tara zama fiye da 4,000 da sunan Peel, da yawansu na ƙungiyoyin da ko faifai ɗaya ba su taɓa yi ba a lokacin. Yau waɗannan sun zama taskar tarihi. Darasin a nan babba ne: shirin da ke ɗaukar sabon abu ya adana, ya fi shirin da ke juya abin da ya tarar kawai.

Inda muke da ja da Peel shi ne ƙarancin bayani. Yakan faɗi sunan makaɗi da sunan waƙa da kamfanin da ya buga ta, ya ɗan yi raha, ya wuce. Ga kiɗan samarin Manchesta wannan ya isa, domin mai sauraro ya san duniyar da suka fito. Ga waƙar da aka rera da harshen Shona kuwa, bai isa ba. Mai sauraro ya ji daɗin jita, amma bai san ko makoki ake yi ko zambo ba. Sannan duk shirin da ya rataya a kunnen mutum ɗaya, da mutumin yake tafiya. Bayan rasuwar Peel sai da aka raba lokacinsa tsakanin masu gabatarwa uku, kowa da nasa fanni, wato abin da ya haɗa ya sake rarrabuwa.

Baƙo a Wurin Wa?

Yanzu mun zo ga tambayar da ta fi damunmu. Idan an ce kiɗa baƙo ne, ko ɓoyayye ne, a wurin wa? Kiɗan da mutumin Landan ke kira baƙo, shi ne wanda ake yi a bikin kowace amarya a garin da ya fito.

A 1987 wasu masu ƙananan kamfanonin faya-fayai da 'yan jarida da ma'aikatan rediyo suka taru a wata mashaya a Landan. Damuwarsu ta kasuwa ce: masu kantuna ba su san a wace kanta za su ajiye faifan Mali ko na Bulgeriya ko na Fakistan ba. Sai suka amince da laƙabi ɗaya, wanda ma'anarsa ita ce kiɗan duniya. Daga cikin mahalartan akwai Charlie Gillett, wanda daga 1999 har rasuwarsa a 2010 ya gabatar da shirin irin wannan kiɗa a sashen BBC mai watsa wa duniya. Laƙabin ya yi amfani, domin ya buɗe wa makaɗa da yawa ƙofa. Amma a duba abin da ya ƙunsa: kiɗan Ingila da Amurka an rarraba shi fanni-fanni, kowanne da sunansa, na sauran bil'adama kuwa an zuba shi a buhu ɗaya. Mawaƙin bege na Lahor da makaɗin rawa na Kinshasa sun zama 'yan gida ɗaya don kawai dukkansu ba Turawa ba ne. Sai a 2020 masu ba da kyautar Grammy suka sauya wa wannan rukuni suna saboda irin wannan ƙorafi, ko da yake buhun yana nan yadda yake.

Labarin Ali Farka Touré na Mali ya nuna fuskokin abin guda biyu. A tsakiyar shekarun 1980 Andy Kershaw, abokin aikin Peel, ya tsinci faifansa a cikin na araha a wani kanti a Faris, ya sa shi a shirinsa. Anne Hunt ta kamfanin World Circuit ta tafi Bamako nemansa, aka yi cigiya a Rediyon Mali, ya ji ya zo. A 1987 ya yi wasa a Ingila, a 1995 kuma faifan da ya yi da Ry Cooder ya ci kyautar Grammy. Wannan alheri ne da rediyo ta jawo, ba mai musu. Amma mutumin da aka ce an gano, ya riga ya yi shekaru yana aiki a Rediyon Mali, mutanen ƙasarsa sun san muryarsa sarai. Kuma 'yan jaridar Turai suka dinga kwatanta shi da John Lee Hooker na Amurka, suna kiran kiɗansa buluz na hamada, shi kuwa ya sha nanata cewa kiɗan yankinsu ne na Niafunké, wanda ya girmi buluz. An karɓe shi, amma da rigar aro.

Na Bhundu Boys na Zimbabuwe ya fi ban tausayi. Peel da Kershaw suka yayata su a 1986, a 1987 har suka buɗe wa Madonna wasa a filin Wembley. Daga nan wani babban kamfani ya ɗauke su, aka gyara kiɗan don ya dace da kunnen Turawa. Tsofaffin masoya suka juya baya, sababbi ba su zo ba, ƙungiyar ta shiga rarrabuwa. Shirin rediyo yana iya ɗaga makaɗi sama cikin wata shida, amma ba ya nan ranar da zai faɗo.

Abin ya zo har ƙofar gidanmu. A 1978 Mamman Sani ya ɗauki kaɗe-kaɗensa na molon lantarki mai madannai a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai. Shekara da shekaru ana sa su a tsakanin shirye-shirye a rediyo da talabijin na Nijar, har kunne ya daina lura da su. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga su, nan da nan suka zama abin nema ga masu son baƙon kiɗa a Turai. A shekarar ce kuma kamfanin ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin da ke tashi a kowane shagon caji da kowace tashar mota a Kano, waɗanda wasunmu ke yi wa kallon shirme, su ne aka jera a can a matsayin abin mamaki. Hausawa sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Kunne ma haka yake.

Sunan Waƙa da Gidanta

Idan ana neman shirin da ya yi ƙoƙarin amsa tambayarmu ta biyu, to, sai a dubi Music Time in Africa na Muryar Amurka, wanda Leo Sarkisian ya fara a 1965 daga Monrobiya ta ƙasar Laberiya. Sarkisian Ba'amurke ne ɗan asalin Armeniya. Ya zaga ƙasashen Afirka da dama da na'urar ɗaukar murya, yana shiga gidajen rediyo da ƙauyuka, bai bar aikin ba sai a 2012 yana da shekara 91. Ya rasu a 2018.

Bambancin wannan shiri da na Landan shi ne, 'yan Afirka ake yi wa shi. Kowane shiri kan ɗauki ƙasa guda, ko al'umma guda, ko kayan kiɗa guda, a faɗi sunansa a harshen masu shi, a faɗi yadda ake ƙera shi da lokacin da ake kaɗa shi. Ta haka mutumin Zariya mai rediyon gajeren zango zai ji yadda mutanen Habasha ko Malawi ke kiɗa, abin da tashar garinsu ba za ta ba shi ba. A nan baƙuntar ta tsakanin maƙwabta ce, kuma bayanin shi ke mayar da baƙo ɗan gari.

Ba za mu rufe ido ga cewa shirin na gidan rediyon gwamnati ne ba, an kuma haife shi a zamanin yaƙin cacar baka, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet ke zawarcin sababbin ƙasashen Afirka. Kiɗan wani ɓangare ne na zawarcin. Haka kuma muryar mai bayani takan ɗauki salon malamin da ke nuna kayan gidan tarihi. Amma an faɗi sunaye, an kuma adana. Jami'ar Mishigan ta mayar da tarin faya-fayan Sarkisian zuwa na'ura mai ƙwaƙwalwa. Amfanin wannan ya fito a watan Maris 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan ayyukan Muryar Amurka da umarni guda. Tasha tana iya yin shiru dare ɗaya, abin da aka adana a wani wuri shi ke saura.

Tsakanin Mutum da Na'ura

Irin waɗannan shirye-shirye kullum a bakin rami suke, domin masu sauraronsu ba su da yawa, kuma cikin dare ake ba su lokaci. BBC ta rufe World Routes na Lucy Durán a 2013. A 2019 ta rage Late Junction, wanda aka fara a 1999, daga dare uku a mako zuwa dare ɗaya, duk da takardar koke da ɗaruruwan makaɗa suka sa wa hannu. A ɗaya gefen kuma intanet ta buɗe sabuwar ƙofa. Tashar NTS, wadda Femi Adeyemi ya kafa a Landan a 2011, ta ba ɗaruruwan masu gabatarwa dama, kowa da ɗan fagen da ya ƙware a kai.

Wani zai ce, tun da yanzu kowace waƙa tana cikin waya, me ya rage wa mai gabatarwa? Amsarmu ita ce, yanzu ne ma aka fi bukatarsa. Manhajar sauraron waƙa tana lura da abin da ka saba ji ne ta ƙaro maka irinsa. Idan ka ji Shata sau uku, za ta ba ka na huɗu. Ba ta da dalilin kai ka inda ba ka taɓa zuwa ba, kuma ko ta kai ka, ba za ta gaya maka wane sarki aka yi wa waƙar ba, ko wane abokin gabarsa ake yi wa habaici. Yawan waƙa ba tare da jagora ba kamar ɗakin karatu ne da aka zube littattafansa a ƙasa.

Ina Marubucinmu Ya Tsaya?

Mai karatu zai tambaya, me ya haɗa 'yan ƙungiyar marubuta da wannan dogon labari? Abu biyu ne.

Na farko, kunnen Bahaushe ba baƙon kiɗa yake gudu ba. Mutanen da suka rungumi waƙoƙin Indiya da na Sudan da na Kwango ba tare da jin harshen ba, ba za a ce kunnensu a toshe yake ba. Kuma muna da daɗaɗɗiyar al'adar shirin kiɗa, tun daga Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna wanda ya haifar da ƙungiyoyin zumunta a garuruwa da yawa. Sai dai shirin zaɓe, bisa ɗabi'arsa, abin da aka riga aka sani yake maimaitawa, domin ba mai zaɓen abin da bai taɓa ji ba.

Na biyu, ɓoyayyen kiɗa a wurinmu yau shi ne namu na jiya. A 1971 David Ames da Anthony King suka buga littafi guda a kan kalmomin kiɗan Hausa kaɗai, na kayan kiɗa da na makaɗa da na lokutan kiɗa. A jarraba ɗaliban babbar sakandare a gani, nawa ne za su bambance taushi da kotso, ko kukuma da goge, ko gurmi da garaya? Nawa ne suka taɓa jin dundufar maƙera, ko shantu, ko waƙar niƙa, ko ta daɓe? Injin niƙa ya kashe waƙar niƙa, siminti ya kashe ta daɓe, tsofaffin da suka iya su kuma suna ta tafiya. Zaren kaset da na tsofaffin na'urori ba ya jure zafi da ƙura har abada.

Ga abin da muke ganin zai yiwu. A ɗauki jigon mota: a haɗa waƙar karen mota ta Ɗanmaraya Jos da waƙoƙin direbobi na Mamman Shata da Haruna Uji, a kawo na Yarabawa da na mutanen Gana a kan wannan batu, a yi bayanin yadda babbar mota ta sauya fatauci. A ɗauki jigon doki: a fara da waƙar dokin da Narambaɗa ya yi, a bi ta da algaitar Barno da kiɗan Fulani da na Buzaye. A ɗauki jigon sana'a: kalangun mahauta, da gangar noma, da kiɗan ƙwaryar amada irin na Barmani Choge. A ɗauki jigon giya: a rera rubutacciyar waƙar Mu'azu Haɗeja, a jera ta da na baka masu hani da masu zuga, a bar mai sauraro ya yi alƙalanci. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sa'a guda ce cikakkiya.

Wa zai rubuta maganganun da ke tsakanin waƙoƙin? Nan ne gurbin marubuci. Mai gabatarwa yana da murya, amma shiri mai jigo yana bukatar wanda zai yi bincike, ya je wurin iyalan makaɗi da 'yan amshinsa, ya tantance shekara da gari, ya warware zaurance da habaici, sannan ya matse duk wannan cikin jimla biyar da za a faɗa kafin kiɗa ya tashi. Wannan horo ne da kowane sabon marubuci zai amfana da shi, domin rediyo ba ta yafe wa mai surutu. Muna ba da shawarar ƙa'idoji huɗu. A faɗi sunan makaɗi da garinsa da zamaninsa kowane lokaci. A bambance abin da aka tabbatar da abin da ake faɗa a gari. A tabbata jigon saƙon waƙar ne na haƙiƙa. A kuma ajiye kwafin kowane shiri a wani wuri daban da tashar, kamar ɗakin karatu na jami'a.

Kammalawa

Mun ga cewa Dylan ya nuna ƙarfin jigo wajen jan kunne zuwa ga abin da bai sani ba, amma ya yi sakaci da gaskiyar tarihi. Peel ya nuna jarunta wajen zaɓe da amfanin adanawa, amma ya bar waƙoƙin nesa ba mai yi musu tafinta. Masu laƙabin kiɗan duniya sun buɗe kasuwa, amma sun sa wa makaɗa rigar da ba tasu ba. Sarkisian ya ba waƙa sunanta da gidanta, ko da yake a ƙarƙashin inuwar siyasar ƙasarsa. Babu wanda ya cika goma a cikinsu, amma kowannensu ya bar abin koyi.

Abin da ke gabanmu a fili yake. Idan ba mu zauna mun tsara kaɗe-kaɗenmu mun yi musu bayani da harshenmu ba, wani zai zo daga nesa ya tsince su a kwandon araha, ya raɗa musu sunan da ya ga dama, jikokinmu kuma su koye su daga bakinsa. Ba za mu ga laifinsa ba, domin shi ya yi tattaki. Muna kira ga rassan ƙungiyarmu da su gwada rubuta shiri ko da guda huɗu ne, su kai wa tashar da ke kusa da su. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san inda aka ajiye ta. Allah Ya sa mu dace.